Da So Samu Ne: Kawusan, Tagama da Ƙasar Damargu

Wata magana ta cika wayoyinmu a ƴan shekarun nan. Za ka ga saurayi cikin kwat, ko budurwa zaune cikin mota mai sanyi, suna kallon kamara suna cewa duk abin da kake so a duniya yana cikin kanka: ka ƙudurta shi, ka riƙa faɗa wa kanka safe da yamma, ka kori shakka, zai zo ya same ka har ɗaki. Wanda bai samu ba, wai shi ne bai so da gaske ba. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun muna lakwal ake rubuta mana ƴar'uwarta da Faransanci a kan allo, wadda ke cewa so shi ne iyawa. Hausa ma tana da tata: abin da zuciya ta ɗauka, gangar jiki bawa ne. Sai dai Hausar nan da ta faɗi haka, ita ce kuma take cewa "da so samu ne", ta yi shiru ba ta ƙarasa ba, don kowa ya san ƙarshen.

Mu ƴan sashen kimiyyar harshe an koya mana cewa in gardama ta tashi kan wata magana, a nemo misali a gwada ta. Misalin da na ɗauko ba daga Amurka yake ba. Ɗan ƙasarmu ne, haifaffen Damargu, wanda ya so abu ɗaya kusan shekara ashirin, ya bar gida dominsa, ya sauya ɗabi'arsa dominsa, ya kuma mutu a kansa. Kawusan ke nan.

Kafin mu je gare shi, ƴan uwa, ku ba ni minti biyu kan kalmomi, don sana'a ba ta barin mai ita. Ku duba "nufi". Muna cewa me kake nufi, wato ma'ana. Muna cewa ya nufi Agadas, wato ya kama hanya. Muna kuma cewa in Allah ya nufa. Kalma guda ta ɗauki abin da ke cikin kai, da tafiyar ƙafa, da hukuncin da ba a hannunka yake ba. Ku duba kuma "za" da muke sawa in muna maganar gobe: zan karanta, za mu ci jarrabawa. Asalinta tafiya ce, ita ce dai "za" ta cikin "za ni Tanut", "ina za ka?". Bahaushe bai iya faɗin abin da zai faru nan gaba ba sai ya ari kalmar tafiya. Sannan ga "hali". Halin mutum ɗabi'arsa ce, abin da ke ciki. Amma in aka ce wane mai hali ne, ko ba ni da hali, ai maganar abin hannu ake. Ku riƙe waɗannan, za su yi mana amfani a gaba.

Damargu, ga wanda bai taɓa hawa motar Agadas ba, ita ce ƙasar da ke arewacin Damagaram, inda gonar hatsi ke gaisawa da makiyaya kafin hamada ta karɓe. Tanut na da nisan kilomita kusan 150 daga birnin Zinder. Balbeji, hedkwatar Tarka, tana yamma, kuma sai a 2011 aka yanke ta daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta. Sunan Tanut kansa Tamajak ne: "anu" rijiya, in aka sa mata "t" gaba da baya ta zama ƙarama, ƴar rijiya. Sunan ya faɗi gaskiyar ƙasar. Duk wanda ya riƙe rijiya a nan ya riƙe hanya.

A ƙarni na 19 hanyar ba ƙarama ba ce. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gat da Abzin, ta Damargu yake ratsawa kafin ya sauka Zangon Damagaram ko ya wuce Kano. Ayarin gishirin Bilma ma haka. Abzin duwatsu ne, ba ta ciyar da kanta, hatsin Damargu take ci. Shi ya sa manyan Kel Ewey ke da ƙauyukan noma a nan, da bayi da barori masu noma musu. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, sun iso Damargu tare da ayarin gishiri na Annur, babban Kel Ewey, kuma a Tagelal Richardson ya rabu da sauran biyun, ya kama tasa hanya. Barth kaɗai ya koma gida da rai. Abin da ya tarar a nan ƙasa ce ta gauraye: Dagirawa masu wani reshe na Barbarci, Hausawa manoma, Abzinawa masu raƙuma da takubba. Har yau harshenmu na ɗauke da shaidar wannan zama. Takobi, raƙumi, takarda, duk ta bakin mutanen hamada suka shigo Hausa.

To amma zaman ba na lumana ba ne kullum. Imuzurag, Abzinawan da suka zauna Damargu suka mai da ita gida, suna ganin ƙasar tasu ce, duk ayarin da zai wuce sai ya biya. Kel Ewey kuwa fatake ne, so suke hanya ta zama a buɗe, kaya su isa Kano ba a rage komi ba. Ana cikin wannan ja-in-ja Nasara suka iso. A ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, Damagaram ta faɗi, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan ƴan makonni. A ƙarshen wannan shekara rundunar Foureau da Lamy ta gangaro daga Abzin ta ratsa Damargu zuwa Zinder. Fatake suka ga dama ta samu: ga masu bindiga da za su share musu hanya. A 1900, a Tanamari, sojojin Faransa suka kashe Musa, shugaban Imuzurag. Daga baya aka kafa bariki a Jajiduna, kafin mulkin yankin ya koma Tanut.

Ku lura da wannan, don shi ne darasi na farko kan samun abin da ake so. Fataken sun so a kawar musu da Musa, aka kawar. Buri ya cika. Amma wanda ya share maka hanya da bindigarsa, hanyar ta zama tasa. Ba a yi shekara goma sha biyar ba sai ga raƙuman nan nasu ana ƙwacewa da sunan aikin gwamnati.

Lokacin da aka kashe Musa, Kawusan saurayi ne mai kimanin shekara ashirin. An haife shi wajen 1880 cikin Ikazkazan, masu kai-da-kawo tsakanin Abzin da Damargu. Ya tashi cikin tarbiyyar imajaghan, ƴaƴan manya, inda yaƙi ke da ƙa'ida kamar salla. Namiji na fuskantar abokin gaba ido da ido, da takobi da mashi da garkuwar fata. Ba ya juya baya. Harbi daga nesa, a ɓoye bayan dutse, aikin wanda ba shi da asali ne. Akwai abin da suke kira "ashak", kamun kai da kare mutunci, da "takarakit", wadda ta yi kusa da kunyarmu. Mutumin da ya gudu daga fagen fama, mata za su sa shi a waƙa, kuma wannan ya fi mutuwa ciwo.

Da wannan ƙa'ida manyan Abzinawa suka tari bindiga mai jigida da bindigogi masu saurin ɗuri. Sakamakon ba ya buƙatar bayani.

A nan ne, a ganina, yaƙin farko na Kawusan ya faru, kuma ba da Nasara ya yi shi ba. Zaɓi uku ne a gaban matashi irinsa. Ya miƙa wuya ya ci gaba da fatauci, kamar yadda da yawa suka yi. Ya hau raƙumi ya afka wa bindiga ya mutu da mutuncinsa, a yi masa waƙar yabo. Ko kuwa ya yi abin da tarbiyyarsa ta fi ƙyama, ya juya baya ya bar ƙasar, ya je ya koyi yaƙin maƙiyinsa. Na ukun ya ɗauka. Ya bi sahun Abzinawan da suka yi hijira gabas, wajen Kanem da Borku a Chadi ta yau. Masaniyar nan Hélène Claudot-Hawad, wadda ta daɗe tana nazarin Abzinawa, a kan wannan gaɓa ta fi tsayawa: cewa Kawusan ya karya tsohuwar ƙa'idar yaƙi da gangan, ya rungumi bindiga da kwanton ɓauna da ja da baya in ƙarfi bai kai ba, ya kuma ɗauki mayaƙi ba tare da tambayar ɗan wane ne ba. Ga wanda aka raina a kan cewa asali shi ne komi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai da ya yanka wani ɓangare na kansa kafin ya sami abin yaƙi.

Masu bidiyon waya suna cewa ka kori shakka. Ni kam abin da na gani a nan daban ne. Mutumin ya yi shakkar abin da iyayensa suka koya masa, kuma shakkar ce ta raya shi shekara goma sha tara bayan Tanamari.

A gabas ya haɗu da Sanusiyya. Ɗariƙa ce da Muhammad bin Ali al-Sanusi ya kafa, zawiyarta ta farko a Libiya an gina ta a al-Baida a 1843, daga baya cibiyar ta koma Jagbub, sannan Kufra a 1895. Zawiyoyinta sun bi hanyoyin ayari, kowace makaranta ce, masauki ne, rumbu ne, in ta kama kuma sansani. Faransawa sun ci zawiyar Bir Alali ta Kanem a farkon 1902, suka ci Ain Galaka ta Borku a ƙarshen 1913. Tsakanin waɗannan shekaru Kawusan ya shiga ɗariƙar, ya yi yaƙi ƙarƙashin tutarta, ya yi suna. Ga wani abin sha'awa ga ɗan harshe: a Larabcin sufaye almajirin ɗariƙa "muridi" ne, ma'anarsa mai so, mai nema. Saiwarsa ɗaya da "irada", da kuma "muradi" da muka ara. Amma aikin farko da ake ba muridi shi ne ya miƙa son ransa ga shehinsa. Wato mai so na gaskiya, a wannan makaranta, shi ne wanda ya iya danne abin da ransa ke so. Ku kwatanta da abin da ake sayar mana a TikTok.

Sai dai shiga inuwar wani na da farashi. Burin Kawusan Abzin ne da Damargu. Burin shugabannin Sanusiyya Libiya ne, inda Italiya ta shigo a 1911. Daular Usmaniyya kuma, wadda ta shelanta jihadi a Nuwamba 1914 bayan ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ɓangaren Jamus, nata lissafin daban. Tafiya ta haɗa su, amma ba gari ɗaya suka nufa ba.

Abin da ya buɗe masa ƙofa ba ƙarfin zuciya ba ne kaɗai. A ƙarshen 1914 aka fatattaki Italiyawa daga Fezzan, suka bar bindigogi da harsasai da igwa. Faransa na can ta nutse cikin ramukan yaƙi a Turai, sojojinta a hamada ƴan kaɗan ne. A gida kuma an kai mutane bango. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke hawa raƙumi wata da watanni zuwa Tarabulus suka koma bin teku ta Ikko. Fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ƙasar Hausa ke kira Kakalaba, sun cinye dabbobi da mutane. A daidai wannan lokaci Faransawa ke ƙwace raƙuma don kai kaya Bilma da yaƙin Tibesti, kuma da yawansu ba su dawo ba. Mai hali ya sami hali, in kun tuna kalmarmu ta ɗazu. A Maris 1916 Janet ta faɗa hannun Sanusawa. Hanyar kudu ta buɗe.

Yanzu bari mu bar shi a hanya mu leƙa Agadas, don a can akwai mutum na biyu, wanda yaƙin zuciyarsa ya fi na Kawusan wuyar kallo.

Abdurrahman Tagama ya hau gadon sarautar Abzin wajen 1908, da amincewar Faransawa, waɗanda suka zauna Agadas dindindin tun 1906. Sarautar tsohuwa ce, tun farkon ƙarni na 15, kuma asalinta ta sasanci ce: ƙabilu ke naɗa sarki don ya raba musu gardama, ba don ya mallake su ba. Zuwan Nasara ya mai da shi wani abu daban. Shi ke tara haraji. Ta hannunsa ake neman raƙuman da za a ƙwace. In kumandan ya yi umarni, bakin Tagama ne ke isar da shi ga mutanen da ke gaishe shi da sunan uba. Shekara takwas yana wannan aiki, har Faransawa suka sakankance da shi, suna ganin ba su da amini kamarsa a arewa. A ƙarƙashin ƙasa kuwa yana tare da Kawusan.

Munafunci ne? Na ji ɗalibai na faɗin haka a muhawara, wasu kuma na cewa dabara ce ta gwani. Ni ina ganin duka biyun sun yi wa abin sauƙi. Mutumin da ya yi shekara takwas yana aiwatar da umarnin da ya tsana, ba wasan kwaikwayo kawai yake ba, don raƙuman da aka ƙwace ta hannunsa da gaske aka ƙwace su, masu su da gaske suka talauce. Kowace rana da ya ƙara yana jiran lokaci, wani ne ya biya kuɗinta. In kuma ya fito fili da wuri, a tuɓe shi a naɗa wanda ba ya jiran komi, kamar yadda aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye. Tagama ya san wannan labari, ai maƙwabcinsa ne. Taura biyu ba ta taunuwa, haka ne, amma shi an cusa masa su a baki ne, kuma tofar da kowace na iya zama ajalinsa. Duk wanda a cikinmu ya taɓa ganin babansa na yi wa wani ƙaramin ma'aikaci "ranka ya daɗe" don takarda ta fita, ya dawo gida ya yi shiru bai ci tuwo ba, ya san ɗan wani abu daga wannan ciwo.

A tsakiyar Disamba 1916 mayaƙan Kawusan suka shiga Agadas, Tagama ya buɗe musu gari. Sojojin Faransa suka kulle kansu cikin barikinsu a gefen birni. A ƙarshen watan aka yi wa sojojin da ke rakiyar ayarin gishiri daga Bilma kwanton ɓauna a gabashin Agadas, aka karkashe su. Kusan duk Abzin ta tashi. In akwai ranar da za a ce buri ya zama abin taɓawa da hannu, to wannan ce: yaron da ya bar ƙasa ba shi da komi ya dawo da igwa, sarki na gefensa, Nasara na ɓoye bayan katanga.

Kwana kusan tamanin abin ya ɗauka. Barikin bai faɗi ba. Igwar da aka jawo tun daga Fezzan ba ta rushe shi ba.

Me ya hana? Akwai dalilan soja, kuma André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa yanzu, ya bi su dalla-dalla a littafinsa na 1973 kan Kawusan. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne "mu" ɗin da ke bakin masu tawayen. A nahawu muna tambaya, in mutum ya ce "mu", da wa da wa? Akwai harsunan da ke da "mu" biyu, ɗaya da ta haɗa da wanda ake yi wa magana, ɗaya da ta fitar da shi. Fulatanci na da su. Hausa ba ta da wannan bambanci, shi ya sa ɗan siyasa ke jin daɗinta. To "mu" ta Kawusan, wa ta ƙunsa?

Ba ta ƙunshi Firhun ba, ko da an so, don shi jagoran Iwillimidan na yamma ya riga ya tashi tun farkon 1916, aka murƙushe shi, ya mutu a tsakiyar shekarar, wata shida kafin a kewaye Agadas. Wuta biyu da ba su kama tare ba, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ƙunshi dukan fatake ba, don mai gida a Zango da kaya a Kano da bashi a hannun mutane yana lissafi kafin ya zare takobi. Sannan ga tambayar da ba a cika so a yi ba a taron tunawa da gwaraza: manomin Damargu fa? Badagiren da kakansa ke auna hatsi yana ba masu raƙuma don a bar shi ya kwana lafiya, ko buzun da aka haifa cikin bauta a ƙauyen noma na wani babba, me "ƴancin Abzin" ke nufi a kunnensa? Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a Disamba 1905. Ba don tausayi ta zo ba, kuma ita ma ta kawo nata aikin tilas da harajinta, wanda duk tsohon da ka tambaya zai ba ka labari. Amma ga wanda ke ƙasa, zaɓin bai fito fari da baƙi ba. Tsohon ubangida ne a hannun dama, sabo a hannun hagu. Kawusan ya buɗe rundunarsa ga kowa, wannan gaskiya ne kuma abin yabo ne. Sai dai mutum ɗaya na iya sauya zuciyarsa cikin shekara goma, al'umma ba ta juyawa da wannan sauri, kuma ba dukan manyan da suka bi shi ne suka bi shi don a daidaita bawa da ɗa ba. Wasu so suke a koma jiya.

Ina faɗin wannan ne ba don in rage masa daraja ba. Tun da sojojin Faransa suka fice daga Nijar a ƙarshen 2023 sunayen irin su Kawusan suka dawo bakin matasa, kuma ya dace su dawo. Amma in za mu ɗauke shi, mu ɗauke shi da nauyinsa duka. Gwarzon da aka wanke tas, aka cire masa shakka da saɓani da mutanen da ba su yarda da shi ba, ya zama hoton bango kawai, ba ya koya wa kowa komi.

Rundunar ceto ta taso daga Zinder ƙarƙashin Kanar Mourin. Ta Damargu ta bi, daga rijiya zuwa rijiya, ta ƙasar da aka haifi mutumin da za ta yaƙa. Ingilishi ma sun turo sojoji daga Najeriya don su tsare wa Faransa baya, abin da ke nuna cewa Turawan biyu, duk da kishin da ke tsakaninsu, tasu "mu" ta haɗu a ranar. Ran 3 ga Maris 1917 Mourin ya shiga Agadas. Kawusan da Tagama suka janye cikin duwatsu.

Waɗanda suka rage a gari su suka sha. An kashe fiye da mutum ɗari a Agadas, cikinsu har da malamai da suka taru a masallaci suna neman aminci. Ba su ne suka jawo igwa daga Fezzan ba. Wannan ma wani abu ne da masu wa'azin buri ba sa faɗa: in babban buri ya faɗi, ba kan mai shi kaɗai yake faɗowa ba.

Kawusan bai tsaya ya mutu a ƙofar gari ba, kamar yadda tsohuwar ƙa'ida za ta so. Ya yi abin da ya koya. Shekara guda cur yana yaƙin sari-ka-noƙe cikin duwatsun Abzin, yau nan gobe can, har zuwa farkon 1918 da aka tura shi waje. Ya nufi Tibesti, daga nan Fezzan, yana neman inda zai sake tara ƙarfi. Amma Fezzan ɗin da ya bari ba ita ya tarar ba. Yaƙin Duniya ya ƙare, kawancen da ya ɗauke shi ya watse, masu riƙe da yankin suna rigima da junansu. A farkon 1919 aka kama shi aka rataye shi a wajen Murzuk. Ba Bafaranshe ne ya sa masa igiya ba. Musulmi ne irinsa, a ƙasar da ta ba shi makamai shekara uku kafin nan. Bai kai arba'in ba, ko kuma ya kai ta da ƙyar.

Tagama ya ɗan fi shi kwana. An kama shi a 1919 a arewa maso gabas, aka jefa shi kurkuku. Kafin a gurfanar da shi gaban shari'a, a ƙarshen Afrilu 1920, aka kashe shi cikin ɗakin da yake tsare, aka sanar cewa shi ya kashe kansa. Shari'a a fili za ta sa a tambayi yadda aka yi mutumin da kumandoji suka yi shekara takwas suna yabo ya yaudare su duka, kuma ba kowa ke son a yi wannan tambaya ba. Yau akwai lise mai sunansa a Agadas. Gidan da ake dangantawa da Kawusan, daura da babban masallaci, ya zama otel.

Damargu kuwa ita ta karɓi abin da ya zube. Faransawa sun kwashe mutane daga duwatsun Abzin don kada masu tawaye su sami mai ba su ruwa, dabbobi suka ƙare, ƙauyuka suka zama kufai. Baturen Ingila Francis Rodd, da ya zaga Abzin a 1922, kufan nan ya yi ta tararwa. Dubban Abzinawa suka gangaro kudu, wasu suka tsaya Damargu da Damagaram, wasu suka wuce har ƙasar Kano da Katsina. Stephen Baier, wanda ya rubuta tarihin tattalin arzikin wannan yanki a 1980, ya bi sawun yadda arziki ya juya baya ga hamada ya fuskanci kudu, wajen gyaɗa da kasuwannin Najeriya. Ƴaƴan masu ayari da yawa suka kama fartanya da hauya a ƙasar da kakanninsu ke zuwa karɓar hatsi. A gidaje da dama Tamajak ta koma harshen tsofaffi, jikoki suka tashi da Hausa, kuma a kasuwar Tanut ko ta Balbeji za ka ga dattijo da rawani har hanci yana ciniki da Hausar da ba ta da gyara, in ya juya wajen raƙuminsa sai ya yi masa magana da wancan harshen.